Yadda na tsayar da ruɓewar irin attaruhu a lambun unguwarmu

Alhamdulillah abin ya tsaya. Irin da muka yafa ƙarshen Fabrairu ya tsiro lafiya lau, bayan kwana goma sai gindin ya sirance ya yi baƙi, ya kwanta. Na zaci ƙwari ne na fesa ruwan darbejiya, shiru. Na ƙara taki, ɓarnar ma ƙaruwa ta yi.

Ashe ruwa ne ya yi yawa, kowa ya zo wucewa sai ya kwara, har da magariba! Na tuge waɗanda suka kamu, na yaye ciyawar rufi, na rage sauran tsiron na bar yatsa biyu tsakaninsu, na barbaɗa yashi, na haƙa 'yar magudana gefen fangali. Ban ruwa kuma da safe kawai, mutum ɗaya. Sati biyu ke nan ko ɗaya bai faɗi ba. Baba mai gadi da ya ankarar da ni, Allah ya saka.