Kafin ka ajiye aiki, ka gano abin da ke cizonka

Shekara shida na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, sannan na koma rubuta shiga da fitar buhuna a wani kamfanin casar shinkafa. Albashi ya ƙaru. Amma ban cika wata huɗu ba na fara kewar allo da hayaniyar yara. Ashe ba koyarwa ce ta ishe ni ba, albashin da ba ya shigowa sai goma ga wata ne.

Shi ya sa nake cewa ka nemi ɗan littafi tukuna. Mako biyu, duk yamma idan ka dawo gida, rubuta abin da ya ɓata maka rai a ranar. Idan sunan oga ne ke ta maimaituwa, ko jinkirin biya, wurin za ka canja, ka riƙe sana'arka. Idan kuwa aikin kansa ne ke sa gabanka faɗuwa tun daga sallar asuba, to komawa wani wuri mai irin aikin ba zai warkar da kai ba. Ɗokin sabon wuri ba ya daɗewa.

Kuɗin ma ka yi masa lissafin gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙarin dubu ashirin yana iya ƙarewa a kuɗin kabu-kabu da abincin rana. In aikin a Argungu yake ko Jega, iyali kuma suna Birnin Kebbi, ka sa kuɗin mota ko hayar ɗaki a ciki.

Ni da na sani, da na zauna da mai gadin kamfanin a teburin mai shayi kafin na amsa. Shi ya san ranar da ake biya, da ƙarfe nawa ake tashi, da mutum nawa suka tafi bana.

Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai takardar ɗauka ta shigo hannunka. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara biyar ya ba da sanarwar wata guda. Ka duba yarjejeniyarka ma. In kana da asusun fansho, lambarka ba ta canjawa, sabon wurin kawai za ka miƙa wa. Ranar tafiya kuma ka bi kowa ka yi sallama, har wanda kuka saɓa. Tsohon shugaban makarantarmu ne ya kira ni bara, da gurbin malamin lissafi ya buɗe a wata makaranta, kuma can nake yanzu.