Yadda Ake Haɗa Agogon Hannu a Gida

Mai son haɗa agogonsa na farko ya fara da injin NH35 na kamfanin Seiko. Ba ruwansa da batir, motsin hannu ne ke yi masa wani, idan ya cika kuwa yakan kai kimanin awa 41 a ajiye bai tsaya ba. Yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a sakan. Kayansa sun wadatu a kasuwannin intanet irin su AliExpress, shi ya sa ya fi dacewa da ɗan koyo.

Tun wajen saye ake yin kuskuren farko. Gidan agogon ya zama an rubuta na NH35 ne. Fuskar, mai faɗin milimita 28.5 ita ce aka fi amfani da ita. Hannayen ma na wannan injin za ka nema, domin ramin hannun awa milimita 1.5 ne, na minti kusan 0.9, na sakan kusan 0.2, na wani inji ko dai ya ƙi shiga ko ya riƙa lilo. Sannan ka duba inda kan saiti, wato ɗan maɓallin da ake murzawa a saita lokaci, yake a jikin gidan, daidai ƙarfe 3 ko kusa da 4. Idan faifan kwanan wata bai dace da wannan ba, lambar za ta fito a karkace cikin tagarta.

Kayan aiki ba su da yawa: hantsaki, madannin hannaye, gilashin ƙara girma, famfon iska na roba, safar yatsu, mabuɗin murfin baya, filayar yanka, ƙaramin magagari, giris ɗin silikon, da ɗankon Rodico na ɗauke datti. Ka tambayi masu gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari ta Zariya kafin ka yi odar komai daga waje.

A Zariya babban abokin gabar wannan aiki ƙura ce, musamman da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rufe taga, kashe fanka, goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada a yi shara a ɗakin kafin ka zauna. Duk lokacin da za ka tashi, kife kofin gilashi a kan injin. Kada ka hura shi da baki, danshin numfashi na jawo tsatsa. Ka tanadi fitila mai caji, don ɗauke wuta ana tsakiyar dasa hannu ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Yawancin fuskoki suna zuwa da ƙafafu 4 a baya. Biyu kawai kake buƙata. Gwada fuskar a kan injin ka ga waɗanda suka faɗa ramukan zoben robar da ke kewaye da shi, ka yanke sauran, ka goge kututturen har ya baje, sannan ka danna ta a hankali.

Dasa hannaye shi ne inda ake gane mai haƙuri. Ja kan saiti zuwa mataki na biyu, ka riƙa juyawa gaba a hankali har kwanan wata ya gama faɗawa. Nan ne ƙarfe 12 na dare, ka tsaya. Rufe fuskar da 'yar takarda mai tsaga don kada ta karce, ɗauki hannun awa da Rodico, ɗora shi daidai kan 12, ka danna a miƙe. Na minti ma kan 12. Na sakan ya fi wuya, domin ƙusar da zai hau ba ta fi kaurin gashi biyu zuwa uku ba. Sai ka tabbata da gilashi cewa ya hau kafin ka danna, kuma danni kaɗan. Ƙarfi zai lanƙwasa ƙusar, injin ya tashi aiki. Daga nan ka dubi agogon ta gefe. Hannayen uku su kasance a jere, wani bisa wani, babu mai taɓa ɗan'uwansa ko fuska. Juya su awa 24 cif. Idan kwanan wata na canzawa ƙarfe 1 saura, cire su ka sake.

Don zare sandar saiti, wato wadda ta haɗa kan saiti da injin, tura ta ciki tukuna. A bayan injin, kusa da inda ta shiga, akwai ɗan ƙarfe mai ɗigon rami. Danna shi da tsinken sakace, ka ja sandar. Hura cikin gilashin gidan da famfo, kife gidan a kan injin, juya, mayar da sandar.

Sabuwar sanda doguwa take zuwa, sai an rage. Auna tazarar da ta saura tsakanin kan saiti da jikin gida, ka yanke ƙasa da hakan, ka gyara bakin da magagari, ka gwada, ka ƙara. Wadda ta yi tsawo tana da magani, wadda ta gajarta sai shara, don haka ka sayi guda 2 tun farko. Idan tsawon ya yi, ɗiga ɗan gam mai hana warwarewa kafin ka ɗaure kan. Shafa wa zoben robar murfi giris kaɗan, ka rufe.

Sa shi a hannu kwana 3 kana gwadawa da agogon waya. Jinkirin sakan 20 ko gudun sakan 40 a rana duk cikin ƙa'idar injin ne. Idan yana gudun mintuna, galibi maganaɗisu ya kama shi daga sifika ko murfin waya, kuma akwai 'yar na'ura mai araha da ke cire shi. Kada ka canza kwanan wata da kan saiti tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran faifan na cikin aiki, suna iya karyewa. Kuma tun da ba a gwada shi da injin matsin ruwa ba, ka riƙa cire shi kafin alwala.