Darasi na 7: Ƙwaya da Wiwi a Idon Dokar Najeriya

Doka ba ta zuba kayan maye a kwando ɗaya ba. Akwai waɗanda aka haramta baki ɗaya, kamar tabar wiwi, hodar iblis da hiroyin. Akwai kuma magungunan asibiti da aka sa wa takunkumi, irin su tiramol, kodin da diyazafam. Waɗannan halal ne idan likita ya rubuta, aka saya a famasi mai rajista. Idan babu takardar likita, sai su koma abin tuhuma.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kamu da gurfanarwa, kuma a Babbar Kotun Tarayya ake shari'ar. NAFDAC ita ke yi wa magani rajista.

Sashe na 11 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da haramtattun ƙwayoyi, ya noma, ya sarrafa, ya yi safara ko ya sayar. Wanda aka samu da su a hannu ko yana sha, yana sane, shekara 15 zuwa 25 ne a rubuce. Mai gidan da ya san ana ajiya ko ciniki a gidansa ya yi shiru, shi ma yana iya shan ɗauri har shekara 25. Kotu na iya ƙwace mota, gida ko kuɗin da aka samu ta wannan hanya.

Batun tiramol ya fi rikita mutane, don haka mu tsaya a kansa. Juya katin maganin, ka duba lambar da ke gaban haruffan mg. NAFDAC ta amince da 50mg da 100mg kaɗai. Idan ka ga 200mg ko 225mg, kayan fasa-ƙwauri ne, ko da an buga masa hatimi mai kyau. Irinsa ne leburori da masu aikin gona ke haɗiya don kada su ji gajiya, daga baya ya kawo farfaɗiya, wani lokaci numfashi ya tsaya. Mai kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da tiramol ko da mai 50mg ne. Maganin tari mai kodin kuwa, tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda mutanen kirki ke faɗawa ta hanyar saƙo. A tasha wani zai miƙo kwali naɗe da salatif, ya ce kayan miya ne, a kai wa 'yar'uwarsa. A shingen bincike, wanda aka samu kwalin a motarsa shi ake fara riƙewa. Direba, ka sa a buɗe saƙo a gabanka, ka rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa, ka kira lambar nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ƙi buɗewa, ka ƙi ɗauka. Maniyyaci ma kada ya karɓi jakar kowa a filin jirgi, domin Saudiyya na yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya.

Idan an kama ka, kada ka yi kokawa, kada ka miƙa cin hanci. Tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Marar kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Aikin gida: ɗauko kwalin magani ɗaya daga ɗakinka, ka kwafo sunansa, yawan mg, lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, ka kawo aji.