Yadda zaka je neman sulhu da ɗan'uwa in maganar ƙabila ta raba ku a coci

Ni a Wusasa na tashi, kuma abin da ke ci min rai a ikilisiyoyinmu na Zariya shine zaka ga Bajju da Bahaushe da Ibo da Bayerabe a layi ɗaya ranar jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu, amma ana tashi sujada ko gaisuwa babu, saboda wata kalma da aka jefa a taron kwamiti tun shekaran jiya waccan. Ni kaina na taɓa jefa irinta, muna gardamar kuɗin yunifom ɗin mawaƙa na ce wa wani ɗan'uwa nyamiri a gaban mutane.

Toh da farko kar ka zauna jiran ya zo. Matiyu 5:23-24 cewa yayi in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na riƙe da kai, ajiye baikon ka nufi wurinsa tukuna. Wanda ya tuna shi ke tashi.

Kuma dan Allah banda WhatsApp, banda tare shi a ƙofar coci mutane na kallo. Ka hau keke napep da yamma ka same shi a gida, ko Sabon Gari ne ko Samaru, kai kaɗai. Ku gaisa sosai, ya madam ya yara ya kasuwa, in an kawo ruwa ka sha. Sannan ka faɗi laifin da sunansa: "Ɗan'uwa, na kira ka da sunan da bai dace ba, na yi kuskure, ka yafe min." Kar ka ce "in na ɓata maka rai", wannan in ɗin kaɗai ya isa ya rushe tafiyar, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga nan sai ka kama bakinka, nan ne wahalar take. Nawa ɗan'uwan ya fi awa yana bani labarin yadda babansa ya gudu daga Zariya a jirgin ƙasa a 1966 da ɗan akwati ɗaya, ya dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya tarar da wasu a shagonsa, ashe duk wannan ne kalmar tawa ta tono. Kar ka katse shi da cewa ai mu ma an yi mana. Ko a Afirka ta Kudu da Desmond Tutu ya jagoranci hukumar sulhu bayan mulkin wariyar launin fata, zaman sauraron waɗanda aka zalunta suka fara yi a 1996.

In ya ƙi, kar ka yi fushi, ka koma da dattijo ɗaya ko biyu kamar yadda Matiyu 18:16 ta nuna, gara ɗayansu ya zama mai jin yarensa.

Sai biyan bashi. Da Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi bawansa Onisimus a matsayin ɗan'uwa, cewa yayi duk abin da ake bin yaron a rubuta a kan shi Bulus ɗin. In a gaban jama'a ka ci masa mutunci, a gaban jama'a zaka gyara. Ni Lahadin da ta biyo na roƙi fasto minti biyu lokacin sanarwa, na miƙe ƙafafuna na rawa na faɗa. Da yamma matar ɗan'uwan ta aiko yaro da kular sakwara da miyar agushi, muka cinye da yarana.