Gwajin kwat a jikin mutum-mutumi kafin a taɓa yadin mai kaya

'Yan'uwa teloli, kada ku yanka ulu mai tsada sai kun gwada da akoko mai kauri, wanda nauyinsa ya kusa na yadin. Akoko mara nauyi zubinsa daban, zai ruɗe ku.

Ku fara ɗora soson kafaɗa a jikin mutum-mutumin. In aka manta shi, ranar da aka sa soson a kwat ɗin sai hammata ta matse, gaban kwat ya ɗage. Ku goge akokon, ku ja layi da alli bisa zaren saƙar da ya bi tsayin yadin, ku kafa shi da fil a tsakiyar baya daga wuya zuwa ƙasa. Ɓari ɗaya ya isa.

Inda aka fi kuskure shi ne jan yadi ya manne. Kwat ai a kan riga ake sa shi. A bar sararin inci 3 zuwa 4 a zagayen ƙirji, babban kwat na sanyi kuwa 5 zuwa 6. A gaba a bar yadi ya wuce layin tsakiya da inci 1 saboda maɓalli.

In kun ga tattara a karkace, zare ne ya kauce. Cire fil, sake shimfiɗawa. Guga ba ta gyara wannan.