Kurakuran da 'yan uwanmu ke tafkawa wajen sa hannu a kwantiragin sabon gida a Amurka

Jama'a wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu da ke Houston da Dallas da Atlanta da Maryland an fara samun rufin asiri ana sayen gida, alhamdulillah, kuma da yawa sabon gini suke so wanda ba wanda ya taɓa kwana a ciki, amma sai ka ga mutum ya yi wata guda yana gwada kicin ɗin wannan kamfani da na wancan, ranar sa hannu kuwa a turo masa kwantiragi a waya ya dinga dannawa yana wucewa ko layi biyar bai karanta ba. Alhali a ranar ko fandisho ba a zuba ba, abin da ka saya takarda ce kawai.

Abu na farko da ake mantawa, takardar nan lauyoyin kamfani ne suka rubuta ta, don kamfani. Idan tsohon gida za ka saya a Texas akwai fom na hukumar dillalan gidaje ta jiha, TREC, wanda ya ɗan raba adalci tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma manyan magina irin su D.R. Horton da Lennar da Pulte kowa da tasa takardar yake zuwa. Haka ita ma mai fara'ar nan da ta tarbe ka a gidan gwaji, wato gidan da kamfani ya ƙawata don nuna wa masu saye, ta ba ka ruwan sanyi, ma'aikaciyar kamfani ce, ba wakiliyarka ba ce ko ta kai wa ladabi. Ka je da dillalinka tun zuwan farko a rubuta sunansa, don da yawansu idan ka fara zuwa kai kaɗai ka cike takardar baƙi shi ke nan ba za su biya masa la'ada ba daga baya. Kuma ka roƙi kwafin kwantiragin da ba a cike ba, da takardar garanti, daga kowane kamfani da kake zawarci, ka kai gida ka shimfiɗa su gefe da gefe. Lauyan gidaje zai duba maka su a kan 'yan ɗaruruwan daloli, gidan kuwa na ɗaruruwan dubbai ne.

Inda aka fi shan kuka shi ne kafin alƙalami. Mutum ya ajiye dala dubu goma ko fiye, ya ƙara da kuɗin tayil da kafet da ya zaɓa, yana ganin ai idan banki ya hana bashi za a mayar masa da abinsa. Ba lallai ba ne wallahi. Wasu kwantiragin kwana 30 ko 45 kawai suke ba ka ka kawo amincewar banki, bayan nan ko aiki ka rasa a wata na shida kuɗin ya zama nasu, kuɗin ƙarin kayan ado kuwa galibi ba ya dawowa ko ta halin ƙaƙa. Sai kuma batun mai ƙimanta gida, idan banki ya turo shi ya ce gidan bai kai farashin da aka rubuta ba, wa zai cike giɓin? A takardun magina da yawa kai ne, daga aljihunka. Ka tambaya kuma ina kuɗin zai zauna, a asusun amana ne ko kamfani zai zuba shi cikin gini. A Florida doka ta ba mai saye damar a ajiye masa har kashi 10 cikin 100 na farashi a asusun amana, amma ana iya yafe wannan dama da sa hannu, kuma layin yafewar na nan a cikin takardar, mutane na sa hannu ba su lura ba.

Akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu wai ai a Amurka kana da kwana uku ka fasa. Wancan kwana ukun na wanda ya sake sabunta bashi ne a kan gidan da yake ciki, bai shafi bashin sayen gida ba. Kwana ukun da kake da shi a nan shi ne dole mai ba da bashi ya ba ka takardar lissafin ƙarshe kwana uku na aiki kafin ranar rufe ciniki, wato ranar da za a kammala biya gida ya zama naka, don ka duba. Kada ka sa hannu da niyyar gobe ka yi shawara.

Sai alkawarin baki. An ce maka za a sa katanga, za a ba ka firij, bayan gidanka fili ne ba za a yi gini ba. Kusan kowane kwantiragi na da sakin layi da ke cewa abin da ke cikin takardar nan shi ne duka yarjejeniya, duk abin da aka faɗa a waje babu shi. To a rubuta a liƙa a jiki, da sa hannun manaja. Ka tuna kuma gidan gwajin da ya tafi da hankalinka cike yake da ƙarin kaya, ba shi ne na farashin da ke kan allo ba, ka nemi jerin kayan da za a sa a naka.

Lokacin gamawa ma haka. A baki wata bakwai, a takarda sau da yawa kamfani ya ba kansa har shekara 2, kai kuwa idan ka makara ranar rufe ciniki tara ce kullum. Wanda ya sallami gidan haya da wuri shi ya san wannan zafin. Ka duba ko suna da ikon ƙara farashi ko soke ciniki idan kaya sun yi tsada, don a 2021 da katako ya haura dala 1,600 kan ma'aunin ƙafa dubu an ga magina sun soke kwantiragi sun mayar wa mutane kuɗinsu sun sayar da gidajen da tsada.

Rangwamen da suke yi idan ka karɓi bashi a kamfaninsu na cikin gida, wani lokacin da gaske riba ce, amma sai ka karɓi takardar ƙiyasi daga wani wurin ka gwada kafin ka sani. Ga mu Musulmi akwai ƙarin magana a nan, wanda ke gudun kuɗin ruwa zai bi ta kamfanonin da ke ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci irin su Guidance Residential ko UIF ya tambaya tun kafin ya ajiye ko sisi, rangwamen zai bi shi ko zai faɗi, kuma kwantiragin ya yarda da tsarin musharaka inda wani ɓangare na uku zai shigo cikin mallaka? A rubuta amsar.

Haraji kuma ya kayar da mutane da dama. Shekarar farko ana iya lissafa maka shi a kan fili tsura, sai shekara ta biyu a ƙimanta da gini a kai biyan wata ya yi tsalle. A sababbin unguwannin Katy da Cypress da ke gefen Houston akwai harajin MUD na ruwa da magudana, makamancinsa a Florida ana ce masa CDD, a Kalifoniya Mello-Roos, ga kuɗin ƙungiyar unguwa a kai. Ka sa a yi maka lissafi da cikakken kuɗin gida.

Wai sabo ne ba ya buƙatar dubawa, wannan kam ina roƙonku ku daina. Jami'in birni dokar gini kawai yake dubawa ya wuce. Ka ɗauki naka insifekta kafin a zuba siminti, da kafin a rufe bango lokacin da wayarin da bututun ruwa ke fili, da kafin karɓar makulli, amma fara duba ko kwantiragin ya ba shi izinin shiga da sharuɗɗan da suka gindaya. Garantin da aka saba shi ne shekara 1 na aikin hannu, 2 na wuta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, 10 na ƙashin gini, sai dai a Texas tun dokar 2023 magini da ya ba da garantin 1 da 2 da 6 wa'adin kai shi ƙara ya ragu zuwa shekara 6, don haka kada ka ɗauka goma ce sai ka gani a rubuce. A wata na 11 ka sake kiran insifekta ka tura musu jerin gyara a rubuce kafin shekarar ta cika.

Idan rigima ta taso kuma yawancin takardun sun riga sun rufe maka ƙofar kotu, sai gaban mai sasanci mai zaman kansa, hukuncinsa da wuya a ɗaukaka, kuma ba za ka haɗa kai da maƙwabta ku yi ƙara ɗaya ba. Manyan kamfanoni ba kasafai suke goge wannan ba, ƙananan magina kan saurara idan lauyanka ya nema. A Texas ma kafin ka kai ƙara ko'ina sai ka aika wa magini wasiƙa mai rajista kwana 60 kafin nan ka lissafa abin da ya lalace, don haka tun ranar da ka shiga gidan ka riƙa ɗaukar hoto da kwanan wata, duk ƙorafi kuma ta imel, ba ta waya ba.