Kafin ka bar damben lambar yabo ka koma damben kuɗi

Lambar zinare tana buɗe maka ƙofa wurin masu shirya wasa, amma ba ta tare maka naushi. Audley Harrison na Birtaniya ya ci zinare a gasar Olympics ta Sidni a 2000, amma bai taɓa riƙe babban kambun duniya ba. Samuel Peter namu ya dawo daga gasar hannu rabbana, amma ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 2008.

Abin da ke kayar da yaranmu shi ne numfashi. Ka saba da turmi 3 na minti 3-3, inda saurin hannu ke kawo maki. A damben kuɗi da turmi 4 ake farawa, a hau 6, 8, har 12, safar hannun ma ta fi ƙanƙanta, naushi ya fi shiga jiki. Don haka ka riƙa gudun asuba a Dandalin Murtala na Kaduna, ka kai gwajin dambenka turmi 6, ka koyi dasa ƙafa da dukan ciki.

Sai lasisin hukumar damben ƙwararru ta Najeriya da gwajin likita. Kada ka sa hannu a yarjejeniyar manaja sai lauya ya karanta, musamman kason da zai cira da shekarun da za ta ɗaure ka.